Ruwan Tafki Ranar Babbar Sallah

Juma'a, 12 ga Janairu, 1962

Inci tamanin da fuɗu. Ƙafa bakwai cif.

Malam Ɗangiwa ya zo daga Tambuwal bisa kekensa. Shi ne ma'aikacin ruwa da ya tsaya kan haƙar tafkinmu shekarar 'yancin kai, shi ya kafa sandar awo a wuri mai zurfi, shi kuma ya ɗora ni in riƙa karanta ta kowace safiya, don duk Tungar Atu ni kaɗai na ƙare ajin yaƙi da jahilci. Ya kawo mini wannan littafi. Gabansa na sanda ne. Bayansa na mayar da shi nawa, ban tambaye shi ba.

Bayan masallaci Maigari Sambo ya kira mu zaure. Gida tara ke son gini ranin bana, gini kuwa ruwa yake ci. Bara tafki ya ƙafe tun damina ba ta faɗi ba, mata sunka koma gulbi, tafiyar rabin yini, ɗiyar Dada maƙwabciyarmu ta haihu a hanya abin bai zo da rai ba. Maigari ya ce ba ya son a sake. Ya ce, "Ba labarin kullum nika so ba. Kwana biyu nika tambaya. Ruwa nawa ranar Ƙaramar Sallah, nawa ranar Babbar Sallah. In akwai, a yi gini. In babu, kowa ya aje."

Malam Ɗangiwa ya ce ana iya sani. Ya nuna ni, ya ce ni zan yi. Na duba bayana ko da wani.

Cikin gida taran nan ɗaya nawa ne.

Asabar, 13 ga Janairu

In rubuta don kada in ruɗi kaina daga baya. Malam Ladan, baban Mardiya, an kira shi Dogon Daji ya riƙa karantarwa, zai tashi da iyalinsa duka bayan Babbar Sallah da kwana uku. Ya faɗa wa Kawu ƙarara: in ɗakina ya tsaya kafin nan, a ɗaura aure, a bar mini ita nan. In bai tsaya ba, da ita zai tafi, ba ya barin ɗiya a gari ba ɗaki. Can kuwa 'yan uwan uwarta sun cika garin, samari kamar tsaki.

To. Ɗaki.

Lahadi, 14 ga Janairu

Yini guda da Malam Ɗangiwa bakin tafki, yana zane a ƙasa da tsinke.

Na ce masa ai abin sauƙi ne. Makon nan inci uku ya sauka. A raba tamanin da fuɗu da uku, mako ashirin da takwas, har damina ta yi nisa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Na'iya, tafkin nan akwati ne?"

Ba akwati ba ne. Sama faɗi, ƙasa tsuke.

Ga yadda na gane. Abu biyu ke shan ruwan. Rana, ita tata ƙa'ida ɗaya ce, ɗan abin da ya fi rubu'in inci kullum. Sai mutane da dabbobi. Su garwarsu ba ta canzawa, amma tafki yana tsukewa, don haka garwar da ta rage ɗan kaɗan yau, in ruwa ya yi ƙasa za ta rage fiye da haka. Saurin saukar ruwa yana bin tsayin ruwan, tsayin kuma yana bin saurin. Na ce to ta ina za a kama shi? Ya ce a makarantarsu ta Zariya akwai sunansa da Turanci, ya faɗa, bai zauna mini ba. Ya ce suna ba ya aiki. Taki-taki ake bi. Ka tsaya inda ruwa yake, ka duba saurinsa a nan, ka ɗauka haka zai tafi kwana kaza, ka rage. Inda ka sauka ka sake duba sauri sabo. Ka sake taki.

Ya bar mini takardar da sunka yi lokacin haƙa: a kowace ƙafa ta sanda, garwa nawa ke cikin inci ɗaya. Saura in ƙirga abin da ake ɗiba.

Na ce taki nawa tsawonsa? Yana ɗaure kaya a keke ya ce, "Yi wata-wata, ba shi da wuya a gare ka." An tura shi wajen Kebbe haƙar rijiyoyi, ba zai dawo ba sai zafi ya shiga.

Laraba, 17 ga Janairu

Kwana uku zaune bakin tafki daga asuba har magariba da tsakuwa cikin ƙoƙo. Kowane tulu goma, tsakuwa ɗaya. Mata na ta yi mini dariya, wata ta ce in na gama in ƙirga mata kajinta.

Mardiya ta zo sau fuɗu jiya. Gidansu sau uku suke ɗiba, na sani. Na fuɗun tulun bai ma cika ba. Ta ce, "Ka sa mini tsakuwata daban."

Da mutane da dabbobi, garwa dubu. In an buɗe gini, kowane gida yana kwaɓa, a ƙara ɗari biyar. Bube ya ba ni wannan, shi ne magini, ɗan kawuna, abokin wasana.

Juma'a, 19 ga Janairu

Na gama. Abin da ya ba ni wuya, Ƙaramar Sallah ba ta faɗa kan taki ba. Taki na farko kwana talatin, na biyu zai wuce ta da kwana biyar. Na so in ɗauki wanda ya fi kusa in ce shi ke nan. Sai na ga ai Maigari ba kusa ya tambaya ba. Na yanke takin, na yi shi kwana ashirin da biyar, ya sauka daidai kan ranar. Daga nan na ɗora. Na ƙarshe ma na yanke shi kwana bakwai.

Ƙaramar Sallah, inci hamsin da takwas da rabi.
Babbar Sallah, inci goma sha tara.

Na sake sau biyu, haka ya fito. Na kai wa Maigari. Ya ce, "Goma sha tara kamar ina?" Na nuna masa a ƙafata, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ya ce a yi gini.

Na fito zaure ina jin kamar in ruga.

Lahadi, 21 ga Janairu

Mun haƙa ƙasa bayan rumbun Inna. Bube ya shata da'ira da igiya, na ce ya ƙara faɗi. Ya ce, "Kai da ba ka da ko tabarma biyu, mi za ka sa ciki, lissafi?"

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Tubali ɗari shida sun sha rana. Bayana kamar an daka.

Talata, 6 ga Fabrairu

An ɗauki azumi. Gini sai da sanyin safe, hantsi ya yi mu aje.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Yau takin farko ya cika. Takarda ta ce saba'in da rabi. Sanda ta ce saba'in. Rabin inci. Iska tana kaɗa ruwa, wataƙila idona ne.

Talata, 20 ga Fabrairu

Gindin bango ya fito ƙasa. Malam Ladan ya biyo ta nan da carbinsa, ya tsaya ya duba, ya taɓa da yatsa, ya ce Allah ya sa albarka. Bai ƙara ba. Inna ta ce wannan ma magana ce babba a bakinsa.

Alhamis, 8 ga Maris. Ƙaramar Sallah.

Kafin idi na shiga ruwa da wandona na aiki. Hamsin da bakwai. Ba iska, ruwa kwance. Na duba ta gabas na duba ta yamma. Hamsin da bakwai.

Na ce hamsin da takwas da rabi.

A filin idi Maigari ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Inci ɗaya da rabi cikin wata biyu? Kai yaro ka yi ƙoƙari." Ya faɗa wa dattawa, sunka yi ta sa mini albarka. Mardiya ta aiko ƙanwarta da tuwon sallah cikin akushi mai murfi.

Na ci. Amma abin yana nan. Wancan karon rabi, yanzu ɗaya da rabi, kuma duka gefe ɗaya. In ido ne, ai da wata rana sama wata rana ƙasa.

Juma'a, 9 ga Maris

Inna na dama fura, na zauna ina kallon ƙwarya. Tana ɗiba da ludayi tana zuba mana. Ludayi biyar na farko, fura ba ta ko motsa daga bakin ƙwarya ba. Biyar na ƙarshe, kamar an ja ta ƙasa da igiya. Na ce ta bari in gani. Na karɓi ƙwarya na cika da ruwan wanke-wanke, na tsaya da kara a tsakiya, ina ɗiba ina yi wa karan alama da farce. Ta ce, "Na'iya, azumi ya wuce, mi ya taɓa ka?"

Na gani. Sauri ba ya jiran wata ya cika kafin ya ƙaru. Kullum yake ƙaruwa. Ni kuwa na kama saurin ranar farko na riƙe shi kwana talatin kamar ruwan ya tsaya yana jirana. Kowane taki ina ba tafki fiye da abin da yake da shi. Sama abin kaɗan ne don faɗi. Ƙasa fa?

Asabar, 10 ga Maris

Ban je gini ba, na ce wa Bube kaina ke ciwo.

Na share ƙasa ƙarƙashin tsamiya, na fara daga hamsin da bakwai na gaskiya. Kwana sittin da bakwai zuwa Babbar Sallah.

Wata-wata, goma sha shida.
Mako-mako, taki tara da guntun kwana fuɗu, bakwai.

Bakwai. Na zauna ina kallonsa. Ƙasa da inci shida ba ruwa ba ne, taɓo ne, ko jaki sai ya hura hanci ya juya.

Wane ne gaskiya? Lissafi ɗaya, hannu ɗaya, takarda ɗaya. Tsawon taki kaɗai na canza.

Talata, 13 ga Maris

Kwana uku ina yinsa kullum-kullum. Taki sittin da bakwai, kowane da rabawa mai tsawo. Takardar Malam ƙafa-ƙafa ta bayar, abin da ke tsakani ni nika raba shi da kaina. Littafi ba zai ɗauka ba, a ƙasa nika yi, in na sami tsayin gobe in share na yau. Juma'o'i kaɗai nika ɗauka in rubuta, da ranar Sallah, da kwana ɗaya gabanta da ɗaya bayanta don ba a san yadda wata zai tsaya ba. A taki na arba'in da ɗaya akuyar Dada ta bi ta kai. Na koma Juma'ar da na rubuta na taso daga nan.

Har taki na hamsin abin yana tafiya a hankali. Daga nan kamar gangara. Inci guda a yini, sai ɗaya da rabi.

Ruwa ya zama taɓo kwana biyu kafin Sallah. Ranar Sallah ɗin kanta babu abin rubutawa.

Na gwada kwana uku-uku don in ga ko na ɓata wani wuri. Ya ba ni uku. Sha shida, bakwai, uku, babu. Duk rage taki, amsa na sauka, amma saukar na raguwa. Suna taruwa wuri ɗaya, wurin kuwa ba sha tara ba ne.

Sai na cire garwa ɗari biyar ta gini na sake. Wannan bai ɗauke ni yini ba, hannu ya saba. Ashirin da biyu.

Bangona ya kai cibiya.

Laraba, 14 ga Maris

Na faɗa wa Bube. Ya aje tubalin da ke hannunsa a hankali.

"Wa ya sani?"

Na ce ni da kai.

"To ni kurma ne. Kwana ashirin nika so, in kai maka shi inda za a ɗora jinka. Maigari na da takardarka, ya sa maka albarka gaban mutane. Ka ƙara kwana ashirin kafin ka gane kuskurenka, wa zai ce ka yi ƙarya? Kai ɗan ajin dare ne, ba injiniya ba."

Na ce kwana ashirin na gida tara garwa dubu goma ne.

Ya ce, "Wallahi da na san haka karatu ke yi da mutum da na ɓoye maka fensir."

Ban yi fushi ba. Ni ma na yi wannan tunanin tun kafin shi, tun ƙarƙashin tsamiya. Na ma lissafa shi. Abin da ban faɗa masa ba ke nan.

Alhamis, 15 ga Maris

Na tafi har ƙofar Maigari na dawo.

Juma'a, 16 ga Maris

Na shiga.

Na ce, ranka shi daɗe, takardar da na ba ka ba daidai ba ce. Ya ce wa ya ɓata ta? Na ce ni. Na roƙi ƙwarya da ludayi daga cikin gida, na yi masa gaban dattawa. Suna kallo har ludayin ƙarshe.

Ɗanmaliki, mai gina soro biyu a unguwar gabas, ya ce, "Jiya sha tara, yau babu. Gobe kuma mi? Yaron da ya yi kuskure sau ɗaya shi za a bi a tsayar da gari?"

Na ce yana da gaskiya, kada a bi ni. A bi sanda. Na karanta musu Juma'o'i uku masu zuwa, ta sabon lissafi da ta tsoho. Na ce a aiko wanda anka yarda da idonsa mu shiga ruwa tare.

Maigari ya daɗe yana murza gemu. Ya ce Juma'a uku ta yi yawa a zauna ana zubar da ruwa ana kallo. Ya ce daga gobe ba mai kwaɓa ƙasa da ruwan tafki. Sai ya dube ni ya ce, "Kai ba kana cikin masu ginin ba?"

Na ce ina ciki.

Ya ce, "Hm."

Asabar, 17 ga Maris

An yi shela. Ba wanda ya amsa mini gaisuwa a unguwar gabas.

Da la'asar Maigari ya aiko in zo ni kaɗai. Ya ce ya san maganar Malam Ladan. Ya ce ɗaki ɗaya garwa nawa? Na ce hamsin a yini. Ya ce hamsin za ta ƙafar da tafki? Na ce a'a, ko inci biyu ba ta kai ba har Sallah. Ya ce to shi bai ga komi ba in na ɗiba.

Na yi godiya. Na ce amma Ɗanmaliki zai gani. In mai karanta sanda yana gini, gobe sauran gida takwas ɗin sun dawo, kuma ba wanda zai sake yarda da abin da na karanta.

Ya ce, "Ka yi tunani dai."

Na ce na yi.

Na kama hanyar gida.

Lahadi, 18 ga Maris

Mardiya a bakin tafki. Ba ta dube ni ba sai da ta ɗora tulu. Ta ce, "An ce an ba ka, ka ƙi." Na ce haka ne. Ta ce, "Ni ka tambaye ni?" Ta tafi.

Ban tambaye ta ba. Gaskiyarta.

Talata, 20 ga Maris

Ba a hana ruwan gulbi ba. Na ari jakin Kawu da na Bube. Garwa biyu kowane jaki, ni ma ɗaya a kai. Fita da asuba bayan na karanta sanda, dawowa azahar. Garwa biyar a yini. Hamsin ake so.

Bube ya ce, "A haka jikanka zai tare." Amma ya zo ya kwaɓa.

Juma'a, 23 ga Maris

Ɗanmaliki da kansa ya naɗe wando ya shiga ruwa. Na ce hamsin da rabi in ba gini. Hamsin da rabi. Ya fito ya goge ƙafa da ciyawa.

Juma'a, 6 ga Afrilu

Zafi ya shigo da ƙarfinsa. Sanda ta fara wuce ni kuma, rubu'in inci a mako. Wannan karon ba taki ba ne, rana ce ta ƙara sha. Na aje kasko cike da ruwa a rana kwana uku na auna. Na ƙara wa rabon rana kaɗan, na sake tafiyar tun daga yau har Sallah. Ashirin. Na kai wa Maigari tun bai tambaya ba.

Bango layi biyu ya ƙaru cikin mako biyu.

Laraba, 11 ga Afrilu

Jakin Kawu ya yi gyambo a baya. Ya ce in bar masa dabba. Saura ɗaya. Garwa uku.

Juma'a, 20 ga Afrilu

Malam Ɗangiwa ya dawo, ya yi baƙi ya rame. Na ba shi littafi, na tsaya. Ya karanta Juma'o'in, ya koma baya, ya sake. Ya ce wa ya ce ka rage taki? Na ce ba kowa. Ya ce wa ya nuna maka ka gwada tsawo fuɗu ka ga inda suke taruwa? Na ce tsoro.

Ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "Laifina ne. Na raina ka, na ba ka wata-wata don kada ka gaji." Ya ce akwai wata dabara, ka duba sauri a farkon taki, ka duba a ƙarshensa, ka ɗauki tsakaninsu, sai taki mai tsawo ya yi kusa da gaskiya. Ya nuna mini. Mako-mako da wannan ya ba ni abin da kullum-kullum ya ba ni, cikin sa'a guda.

Da na san ta a Janairu.

Ban faɗa ba. Ya je ya ga bangon, ya hau kekensa.

Lahadi, 29 ga Afrilu

Garwa uku. Garwa uku. Garwa uku. Tafin ƙafata ya tsage.

Litinin, 7 ga Mayu

Bango ya kai ƙirji. Bube ya auna da kamu, ya ce saura layi bakwai, kuma kowane sai ya bushe kafin a ɗora wani. Ya ce, "Ko gulbin ya taso ya zo nan da ƙafarsa ba ya yiwuwa, Na'iya." Yau bai yi mini ba'a ba. Na fi son ba'ar.

Na je gulbi duk da haka.

Labari ya zo tafkunan ƙauyuka biyu wajen Fakku sun ƙafe. Matansu na haɗuwa da ni a hanya da tuluna.

Litinin, 14 ga Mayu. Babbar Sallah.

Goma sha tara da rabi. Na ce ashirin.

Ruwa ne, ba taɓo ba. An wanke hanji da tumbi, an yi girki, dabbobi sun sha. Ba matar da ta taka hanyar gulbi. Dada ta aiko mini da cinyar rago guda, ba ta aiko da magana ba.

Ta lissafina akwai na kwana ashirin nan gaba. Gabas ta fara haɗa gira da yamma, hadari na taruwa.

Malam Ladan ya sayar da awakinsa. Ana ɗaure kaya.

Alhamis, 17 ga Mayu

Sun tafi.

Na je na taya ɗora kaya bisa jakuna. Malam Ladan ya ja ni gefe. Ya ce maganarsa ba ta canza ba, ɗaki bai tsaya ba, da ɗiyarsa zai tafi. Na ce na sani, Malam. Ya ce can ɗin za a zo masa da magana, ya riga ya ji ƙishin-ƙishin. Ya ce, "Ba ni yi maka alkawari. In ya tsaya da kaka, ka aiko Kawunka. Ita ma tana da baki, za a tambaye ta."

Mardiya na bayan uwarta da ƙunshi a kai. Wata biyu ke nan ba ta yi mini magana ba. Da sunka kai daidai bayan gidanmu ta tsaya gyara gammo, ta dubi bangon, ba ni ba. Ta ce, "Haka za ka bar shi buɗe? Ruwan farko zai cinye maka layi uku. A rufe shi da zana." Uwarta ta kira ta, ta bi su.

Juma'a, 18 ga Mayu

Goma sha bakwai.

Zana shida na samu, biyu aro. Ni da Bube mun rufe kan bango mun danne da duwatsu. Ya ce tunda yake bai taɓa yi wa rabin ɗaki rawani ba.

Ɗanmaliki ya tare ni a hanya, ya ce in tafki ya cika yana son ya san ranar da za a iya buɗe gini baɗi da ranar da za a rufe, tun yanzu, ya shirya. Na ce sai na ga inda damina ta aje ruwan. Ya ce to, Malam. Na ɗauka da wani yake.

Inna na tankaɗe da la'asar, ba ta ɗago ba ta ce, "Da za a mayar da kai ranar da Maigari ya ce ka ɗiba, za ka ɗiba?"

Na ce mata ban sani ba.

Na sani. Ba ni ɗiba.